Na'Allah Tela da Furen Duman Rahamatu

In ka shigo Dakoro ka ce a kai ka wurin Na'Allah tela, sai an tsaya ana tambayar wane Na'Allah. Amma ka ce Na'Allah mai kallon ciyawa, kafin ka rufe baki an nuna maka hanya. Taubashina ne. Ubana da uwarsa ciki ɗaya suka fito, ni ɗiyar namiji, shi ɗan mace, ka ga kuwa bawana ne halak malak, duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. Ni ce Hafsatu mai ƙosai ta bakin tasha, kuma an daɗe da sanin bakina ba ya da linzami.

Tare muka tashi. An sa shi lakwal, wato makarantar boko, muna yara, bai fito da komi ba sai son kireyo, wanda ƴan Najeriya ke ce wa fensir. Mushe, malamin ajinsu, yana rubutu a allo yana ta zuba faransanci, gogan naka ya karkace yana zana reshen bedi, wato dogon yaro, da ke leƙowa ta taga. Da bulala ta gaji, mushe ma ya gaji, sai ubansa ya cire shi ya kai shi wurin wani tela a kasuwa. Nan ya samu abin yi, don shi ke zana aikin wuyan riga kafin a bi da zare. Wata rana wani malami ya ce masa zanen mai rai ba kyau, mutum ne ko dabba. Na'Allah bai yi musu ba. Ya ce to, ya tattara ya koma kan itace da ciyawa, bai sake waiwayowa ba.

Kar ka ɗauka zane yake yi kamar na mutane, a zauna a ja layi a tashi. Ina! Sai ya tsuguna gaban tumfafiya, wadda ko akuya ba ta kulawa, ya yi ta kallonta har ka ɗauka bashi take ci masa. Ya juya ganyen ya duba bayansa. Ya bi jijiyar tsakiya da farce, ya ga inda ƙananan suka rabu da ita. Ya duba ko ganyayen suna fuskantar juna biyu-biyu ne, ko ɗaya na hawa bayan ɗaya. Ya matsa gefe ya ga ta ina rana ke bugunsa, ta ina inuwa ta kwanta. Duk wannan kireyon yana maƙale a bayan kunne. In ka ce, "Kai bawan Allah, ka zana mana mu tafi," sai ya ce, "Ban gama ganinsa ba. Ku ganyen da ke cikin kanku kuke zanawa, ni wanda ke gabana nike so."

Takardarsa ma abin kallo ce. Buhun siminti yake roƙo wurin magina, ya ɓare fallen ciki mai tsabta, ya yayyafa masa ruwa, ya bi shi da dutsen guga har ya miƙe sumul. Da reza yake fiƙe kireyo. In ya yi kuskure, tsakiyar burodi yake murzawa ya goge. In yana son inuwa, ƙaramin yatsansa yake sa wa ya shafa, shi ya sa har yau gefen hannunsa na dama baƙi ne ƙirin, ko ranar salla. Amma in faɗi gaskiya ko da bawana ne, in ya gama zana maka reshen aduwa, sai ka janye hannu kar ƙaya ta soke ka.

Matarsa Nana, Allah ya jiƙanta, ta sha fama. Ya taɓa dawowa daga daji wandonsa cike da ƙarangiya, ta sunkuya za ta cire masa, ya daka mata tsawa wai ta bari, akwai wata a gwiwarsa da ta fito da kyau. Haka ya zauna da ƙafa a miƙe yana zana ƙarangiya har tuwo ya huce. Wata shekara kuma ya je Korahane gaisuwa, ya ga wani tsohon gawo a bakin gona, ya zauna gabansa da takarda. Mutanen ƙauyen suka hango baƙo da kireyo yana ƙirga rassa, suka ce shi ke nan, ma'aikacin gandun daji ne ya zo rubuta wanda ya yi sara. Kafin ka ce haka, duk gatarin garin ya shige rumbu. Aka kawo masa fura, aka yanka masa zabo. Ya ci ya sha ya dawo yana ce mini, "Hafsatu, ban taɓa ganin mutane masu son baƙo irin na Korahane ba."

Da Nana ta rasu sai abin ya ƙaru. Ƴaƴansa sun girma, ɗaya na Maradi, ɗaya na Agadas, gida ya zama shi kaɗai da takardun siminti. Abincinsa ya dawo wuyana. Kullum da dare sai na aika masa tuwo, in kuwa ban aika ba sai ya kwana haka bai ma lura ba. Shekaru suka ja, furfura ta cika masa gemu, ba mai jin ya ambaci mace.

To, a bayan unguwarmu, wajen da gari ke ƙarewa gonaki su fara, akwai Rahamatu. Ƙawata ce tun muna ƴan mata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ƴaƴanta duk sun yi aure, tana zaune a gidan da ya bar mata tana matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli. Mace ce mai ji da kanta. Ba ta roƙo, ba ta aro, ba a taɓa jin sunanta a bakin ƴan tsegumi ba, kuma da wannan take taƙama fiye da komi. A lokacin akwai wani dillalin dabbobi daga Tagriss, Hamma, yana nemanta. Mutumin kirki ne, duk ranar kasuwa sai ya biyo da cuku da man shanu. Ba ta ce masa e ba, ba ta ce a'a ba.

Daminar da abin ya faru, duma ya fito a gindin dangar Rahamatu, ya yi yaɗo ya hau kara ya leƙo waje ta gefen hanya. Shi kuwa furen duma yana da wani hali. Duk rana a rufe yake ruf. Sai la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi, sannan ya buɗe fari tas, kafin hantsin gobe ya yanƙwane. Allah ya sa Na'Allah ya biyo ta nan daidai lokacin da ɗaya ke buɗewa. Ya tsaya cak. Washegari ya dawo da takarda.

Ga inda matsalar take. Tunda daga nan masallaci zai wuce sallar magariba, sai ya yi wanka, ya sa wankakkiyar riga da hula, har da ɗan turare. Ya zo ya zauna dab da ƙofar gidan, ya fuskanci danga, ya ƙura ido. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ke kai namiji ƙofar gidan bazawara bayan la'asar da wankakkiyar riga. Ba sai an yi shela ba. Mutum ɗaya ne a duk Dakoro bai sani ba, shi ne mai rigar.

Da farko Rahamatu ta yi kamar ba ta gani ba. Da ta ga abin ya ɗore, sai ta miƙo tabarma ta bakin ƙofa. Ya karɓa ya shimfiɗa, ya ce, "Allah shi yi albarka," idonsa na kan danga. Bayan tabarma sai ruwan randa. Bayan ruwa sai fura da nono, dama mai kauri, a ƙwaryar da ba ta fiddawa sai baƙo na musamman. Ya shanye, ya kife ludayi, ya ci gaba da kallonsa.

Rahamatu ta same ni ina tuya, ta ja kujera ta zauna, tana wasa da bakin mayafi kamar wata budurwa.

"Hafsatu, wai taubashin nan naki haka yake da kunya?"

Na ce, "Mi ya yi?"

"Ba ya ko iya ɗaga ido ya dube ni. Sai ya zauna ya yi ta kallon danga, yana ƴan rubuce-rubuce. Wallahi tausayi yake ba ni."

Ni kuwa na san abin da yake kallo sarai. Na faɗa mata? Ban faɗa ba. Ko yau aka sake ba zan faɗa ba. Na gaji da tuƙa wa ƙato tuwo, ga mace ta gari ta kawo kanta, in ce mi? Na juya ƙosaina na ce, "Haka danginsu suke, sai an yi haƙuri da su."

Ranar kasuwar da ta biyo baya, Hamma ya zo da cukunsa. Rahamatu ta ba shi haƙuri, ta ce ya nemi wata, ita an riga shi. Ya koma Tagriss jiki a sanyaye. Ita kuma ta ƙunsa lalle, ta fiddo atamfar da ta daɗe a ƙasan akwati. Da la'asar ta fito da kanta ta tsaya a bakin ƙofa ta gaishe shi. Na'Allah ya ji daɗi ya samu mai saurare. Ya ce, "Yawwa, zo ki gani. Kin ga wannan mai dogon wuya, namiji ne. Wannan kuma mace ce, duba ƙarƙashinta, ga ɗan kumburi nan, shi ne zai zama duma. Shi namijin ba ya iya komi shi kaɗai, sai ya bushe a banza." Rahamatu ta rufe fuska da mayafi ta shige gida da gudu. Ta ce mini ba ta san masu kunya in suka buɗe baki haka suke ba.

Gari ya ɗauka. A bakin pampo ana taya ta murna, tana cewa a bari mana, tana murmushi.

Rahamatu tana da wa, Malam Zakiru, manomi ne a Ɗan Gulbi, mutum mai zafi wanda ba ya son wasa da sunan gidansu. Labari ya kai masa cewa wani tela ya mayar da ƙofar ƙanwarsa wurin zama, ya sha fura ta kai ta kawo, amma ko goro ɗaya ba a gani ba. Ya hau babur ya zo. Ya iske Na'Allah a kan tabarma, daidai lokacin da mazan unguwa ke fitowa za su masallaci. Aka gaisa. Sai Malam Zakiru ya gyara murya yadda kowa zai ji.

"Malam Na'Allah, mu duka manya ne, ba yara ba. Zaman nan ya isa haka. In da gaske kake, ka turo manyanka mu yi magana."

Na'Allah ya ɗago, kireyo a hannu, ya dube shi da iyakar gaskiyarsa.

"Manyana kuma? Don furen duma sai na turo manya? In an hana zanawa ne a faɗa mini, ai ban tsinki ko ɗaya ba."

Sai wani ya kasa riƙewa ya fashe, sauran suka bi. Har da masu riƙe ciki. Malam Zakiru ya cika ya yi fam, ya buga babur ya tafi ko sallama babu. Rahamatu kuwa tana tsaye a bayan danga da ƙwaryar fura a hannu, ba abin da ya wuce kunnenta.

Nan dariya ta ƙare mini. Kafin gari ya waye an raɗa mata suna, amaryar duma. Macen da ta yi shekara da shekaru tana tsare mutuncinta, yau ita ce abin hira a bakin pampo da wurin niƙa. Ta kori mai sonta da gaske, ta ƙunsa lalle da furfurarta, ashe ba ita ake kallo ba. Ta daina fitowa da mai. Na je, na iske ta tana goge lallen ƙafarta da dutse, abin da ba ya gogewa. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Hafsatu, ni ba auren ne ya dame ni ba. Na ɗauka wani ya gan ni ne." Zuciyata ta yi baƙi ƙirin.

Daga nan ban zame ko'ina ba sai rumfarsa a kasuwa. Na dafe kan keken ɗinkin.

"Kai wane irin dabba ne?"

"Uwar gijiyata, lafiya? Ni mi na yi?"

"Mi ka yi! Tabarmar wa kake zama a kai? Furar wa kake kwankwaɗa? Ka ɗauka duman ne ke dama maka? Ka san ƙarangiya ciki da waje, ka san macen fure da namijinsa, amma mace sukutum ta tsaya gabanka da lalle ba ka gani ba. Tir da wannan ido!"

Ya dubi baƙin hannunsa. Can ya ce, a hankali, "Lalle ta sa?" Na yi tsaki na bar shi nan.

Kai ka ce kunya za ta hana shi komawa. Ba ka san Na'Allah ba. Da la'asar ya yi wanka ya tafi, wai zai ba da haƙuri, takardarsa kuma a aljihu ko da za a dace. Ya iske danga fayau, ba ganye ko ɗaya. Ashe Rahamatu ta wuni tana kwance yaɗon duman nan, hannu bayan hannu, ba ta karya ko ɗaya ba, ta janye shi ciki ta ɗora bisa rumfar da take tuya a tsakar gida. Ya yi sallama. Ta amsa daga ciki, murya a bushe.

"Baiwar Allah, na zo ba da haƙuri ne."

"Na ji."

Sai ya ce, "To… shi duman fa?"

"Yana ciki, lafiyarsa lau. Gidan nan kuwa ba a shiga. Namijin da zai taka tsakar gidan nan, ko muharramina ne ko mijina. Ka gaida gida."

Ba tabarma, ba ruwa, ba fura. Ya zagaya danga ya sake zagayawa, karan a tsefe yake ba kafa. Washegari sai ga shi a gidana yana roƙon tsohon turmina da ya tsage. Na ce ɗauka, ban ko tambaya ba, don na san zan ji. Ya gangara da shi har bayan dangar Rahamatu, ya kife, ya hau. Dattijo mai furfura, da riga da hula, tsaye bisa turmi, ya dafe dirka da hannu ɗaya yana leƙen gidan mutane. Liman ya aika a tambayi Rahamatu ko a zo a sauke shi. Ta ce a ƙyale shi, bayan danga hanya ce, ba ita ta shimfiɗa ta ba.

Sai dai mai riƙe dirka da hannu ɗaya ba ya zane. Takarda ta zauna a aljihu. Abin da ya rage masa kallo kawai, daga nesa. Furannin na can bisa rumfa, a ƙarƙashinsu kuma ga Rahamatu zaune, ta ba shi baya, tana murza tunkuza mai na tsatsafowa. Ba ta ce masa ci kanka ba. Amma na lura duk aikin da za ta yi, sai ta ajiye shi sai bayan la'asar, kuma sai a gindin rumfar nan. Shi ma ko ruwa ake yi sai ya zo. Mutane suka yi dariya har suka gaji, suka koma gaishe shi in sun wuce, yana amsawa daga sama.

Damina ta fara ja da baya. Hatsi ya yi kai, ruwa ya ɗauke, duma ya ƙulla ƴaƴa, fure ya dinga raguwa har ya ƙare. Wata rana da azahar na shiga wurin Rahamatu ban yi sallama da ƙarfi ba, na iske ta da almakashi da wani tsohon farin ƙyalle, tana yanka shi ƙanana-ƙanana. Ta yi wuf za ta ɓoye. Na ɗaga kai na dubi rumfa. Ga fararen furanni nan tsakanin ganye, a tsakiyar rana, lokacin da furen duma ba ya buɗewa. Da zare ta ɗaɗɗaure su.

Na ce, "Rahamatu!"

Ta ce, "In kin faɗa wa wani, ni da ke har abada." Sai ta sunkuyar da kai. "In ya hau ya ga babu, mi zai kawo shi gobe?"

Ban yi dariya ba. Na zauna na karɓi almakashin na taya ta.

Ba a jima ba sai ga Na'Allah wurin wana Idrisa, wanda shi ne babba a danginmu yanzu, yana murza hula a hannu. Ya ce a kai goro Ɗan Gulbi. Idrisa ya sa shi ya maimaita, don ya tabbata ba wata ciyawa ake nufi ba. Aka je. Malam Zakiru ya yi ta cika yana batsewa, daga baya ya sauko, ya ce in ƙanwarsa ta yarda shi ba ya da ta cewa. Rahamatu ta yarda, da sharaɗin ba za ta bar gidanta ba, shi zai riƙa zuwa, irin auren da muke ce wa ɗauki-sandanka. Aka sa rana bayan an gama yankan hatsi.

Gari ya sake samun abin taunawa. Aka ce kun gani, ya rasa hanyar shiga wurin duma ne ya biyo ta ƙofar aure. A wurin niƙa wata ta ce wa Rahamatu ta yi hattara, ranar da ya shigo kar ya wuce ta ya rungumi rumfa. Ta yi dariya tare da su, amma na ga abin ya soke ta. Amarya ce, kullum tana ramewa. Kowace azahar tana sake ɗaura ƙyallayenta, wanda iska ta karkatar ta gyara shi, kowace la'asar yana bisa turmi.

Ana gobe ɗaurin aure ta aiko kirana. Ina shiga ta kama hannuna.

"Ba zan iya ba, Hafsatu. Gobe zai shigo ya ga tsumma. Sau ɗaya aka yi dariyata don na ɗauka ni ake so. In ya shigo ya duba sama ya juya, wannan karon ina zan sa kaina? Gara in faɗa masa yau, in zai fasa ya fasa tun goro bai rabu ba. Ki tsaya kusa da ni."

La'asar ta yi. Muka ji gurnanin turmi ana gyara masa zama, sai ga hula ta ɓullo bisa danga, sai gemu. Rahamatu ta miƙe. Tun ranar da Malam Zakiru ya zo, yau ne ta fara fuskantar Na'Allah. Ta kai hannu bisa rumfa ta fizgo ƙyalle ɗaya, ta taka har gindin danga, ta ɗaga masa.

"Malam Na'Allah, duba da kyau. Furen ya daɗe da ƙarewa. Wannan tsumma ne, ni na yanka, ni na ɗaura. Ba abin da za ka zana a gidan nan. In don shi ka aika Ɗan Gulbi, ka je ka ce an fasa, ni zan ɗauki kunyar, na saba."

Ta tsaya da ƙyallen a sama tana jira.

Na'Allah ya karɓi ƙyallen. Ya juya shi ya duba bayansa, yadda ya saba yi wa ganye. Ya ce, "Ai na sani."

"Ka sani?"

"Haba baiwar Allah. Ni tela ne fa. Alawayyo ne, kuma an yanka shi a karkace. Sannan furen duma ganye biyar gare shi, ke huɗu kike yi. Akwai wasu ma masu uku, waɗannan ban san ko aikin wa ne ba."

Na ce, "Kai, kama bakinka!"

Bai ko dube ni ba. Ita yake kallo, irin kallon nan nasa mai tsawo da ba ya gaggawa.

"Na ga na ƙarshen ya yanƙwane da idona. Na ce shi ke nan, gobe in zo in yi sallama da wurin. Da na hau na ga an ɗaura waɗannan, sai na kasa sauka. Tunda Nana ta rasu, ba wanda ya damu in zo ko kar in zo. Ga wata ta zauna da almakashi tana yanka fure don kar in daina zuwa. Daga kan turmin nan na wuce gidan Idrisa."

Na so in ce ni fa da tuwona na shekara da shekaru, amma na haɗiye maganar. Ni Hafsatu, da ko a gidan makoki sai an taya ni kuka, sai ga hawaye yana bin kumatuna saboda wannan sakaran bawa nawa.

Rahamatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta daɗe a haka, kafaɗunta na motsi, ban san ko kuka take ko dariya ba, ina jin duka biyun ne. Can ta yi magana daga cikin mayafin.

"Hafsatu, ce wa bawanki ya sauko a hankali, kar ya karye mini kafin gobe."